Rufin Asiri da Bayyana Taɓin Hankali a Gyallesu

A wannan takarda muna so mu nuna cewa a Gyallesu, Tudun Wadan Zariya, sunan da aka ba ciwon shi ke yanke wanda za a gaya wa. In an ce iska ce ko sammu, akan sanar da dangi da malami, a sami tausayi. In kuwa an ce hauka, binciken aure yakan shafi har ƙannen majiyyaci. Sai iyali su zaɓi rufin asiri, magani ya makara. Dokar 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta wajabta sirranta bayanan majiyyaci. A ganinmu, sanar da jama'a wannan haƙƙi zai sa su doshi asibitin Shika da wuri.