Helios-44: Yadda idon kyamarar da aka kwaikwaya daga Jamus ya kai ga Hollywood

Lokacin da mai ɗaukar hoto Greig Fraser ke aikin fim ɗin The Batman da ya fito a 2022, cikin kayan da ya yi amfani da su har da wani tsohon idon kyamara na zamanin Tarayyar Sobiyet mai suna Helios-44, wanda aka daɗe ana sayarwa da araha a kasuwannin 'yan gwanjo na Turai.

Sai dai duk da rubutun Rashanci da ke jikinsa, asalin Helios daga Jamus yake.

Idon kyamara ba gilashi ɗaya ba ne. Gilasai ne da dama da ake jerawa a cikin bututu, kuma yadda aka jera su shi ke nuna dangin da ido ya fito, ba sunan kamfanin da aka rubuta a kai ba.

Kakan da ya riga zamaninsa

A shekarar 1896, Paul Rudolph na kamfanin Carl Zeiss da ke birnin Jena ya ƙirƙiro Planar, mai gilasai 6 da aka jera gida biyu suna fuskantar juna. Amfanin wannan jeri shi ne ɓangaren baya yana gyara wasu kurakuran da na gaba ya haifar.

Amma akwai cikas. Duk inda haske ya ratsa tsakanin iska da gilashi, kusan kashi 4 cikin 100 nasa na komawa baya. Planar na da irin waɗannan fuskoki har 8, don haka hotonsa kan fito dishi-dishi.

Wannan ya sa kasuwa ta karkata ga Tessar mai gilasai 4, wanda Rudolph ɗin ya fitar a 1902. Daga baya Ludwig Bertele ya zo da Sonnar, inda ya manne gilasan rukuni 3 domin rage asarar haske.

Duk da haka ba a yi watsi da dangin Planar ba. A 1927 Willy Merté ya sake fasalinsa, ya samar da Biotar. Sannan a 1935 Alexander Smakula ya gano hanyar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke hana haske komawa baya, abin da ya magance babbar matsalar dangin.

Ganimar yaƙi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jena da Dresden sun faɗa hannun Sobiyet, waɗanda suka kwashe injina da zane-zane da ma wasu ma'aikata a matsayin diyyar yaƙi.

Daga nan 'ya'yan Zeiss suka samu sababbin sunaye. Sonnar ya zama Jupiter-8 da Jupiter-3, shi kuwa Biotar mai milimita 58 ya zama Helios-44, wanda masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko ta fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1950. An ƙera miliyoyinsa domin kyamarorin Zenit.

Japan ma ta ci gajiyar wannan gado. Idon Nikkor mai milimita 50 da Nikon ya fitar a 1950 a kan tsarin Sonnar aka gina shi, kuma hotunan da David Douglas Duncan na mujallar Life ya ɗauka a yaƙin Koriya ne suka fito da sunan kamfanin a Amurka.

Aibin da ya zama ado

Da kyamarori masu madubi a ciki suka mamaye kasuwa, sai reshe ya juye da mujiya. Sonnar mai milimita 50 na zama daf da fim, ba ya bar wa madubin wurin motsi, sai dangin Planar suka karɓe ragamar.

Abin da ke jan hankalin masu shirya fim ga Helios a yau shi ne abin da injiniyoyi suka ɗauka aibi ne. Idan aka buɗe shi gaba ɗaya, tsakiyar hoton kan fito tar, bayan mutum kuma ya riƙa murɗawa kamar guguwa.

Kamfanoni sun shafe shekaru suna kawar da wannan murɗiya daga sababbin idanu. Yanzu kuma akwai masu ciro gilasan tsofaffin Helios suna sa su cikin sabon gida na ƙarfe, domin ɗora su a kan kyamarorin sinima na zamani.