Feshin Kariya a Bayan A-Kori-Kura: A Kai wa Ƙwararru ko a Yi a Gida?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: mutum ya rufe jikinsa ruf da fararen kaya, ya riƙe bindigar feshi, yana bin bayan motar a-kori-kura da wani baƙin sinadari. Kafin minti ɗaya, ƙarfen da ya sha karce da tsatsa ya koma baƙi ƙirin mai ɗan kaushi, kamar yau motar ta fito daga kamfani. A wani bidiyon kuma, matashi ne a ƙofar gidansu da rola da gwangwani, yana alfaharin cewa da kuɗi kaɗan ya yi aikin da shago zai caje shi ninki uku ko huɗu.

A fuskar waya aikin biyu kamar ɗaya suke. A kan ƙarfe kuwa akwai bambanci a sinadari, da kayan aiki, da kauri, da daɗewa, har da irin haɗarin da mai feshin ke jefa huhunsa a ciki. Wanda ya zaɓa a makance zai iya asarar kuɗinsa, ko ya rufe tsatsa tana cin motarsa ta ƙasa bai sani ba.

Daga ina abin ya samo asali?

Amurka ce cibiyar wannan sana'a, domin can ne a-kori-kura ta zama motar yau da kullum. Jerin motocin Ford F-Series ne ke kan gaba wajen ciniki a cikin irin waɗannan motoci a ƙasar tun 1977. Bayan motar kuwa shi ke shan wahala: bulo, yashi, ƙarafa, buhuna da injina duk a nan ake jibge su. Da zarar fenti ya karce, ruwa ya samu ƙarfe, sai tsatsa ta kama.

Da farko maganin da aka fi sani shi ne kwandon roba mai tauri da ake zurawa a bayan motar. Yana da araha, ana iya cire shi. Matsalarsa ita ce ruwa da yashi suna shiga ƙarƙashinsa, yana motsi yana goge fentin, tsatsa na yaɗuwa a inda ido ba ya gani. Feshi ya zo ne don toshe wannan kafa, saboda yana manne wa ƙarfen kai tsaye, ba ya barin sarari.

Sinadarin da ake amfani da shi dangin poliyuretan ne, wanda masanin kimiyya Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937. Kamfanin Rhino Linings, da aka kafa a San Diego ta jihar Kalifoniya a 1988, da kuma Line-X, su ne sunayen da suka fi shahara a ɓangaren ƙwararru. A ɓangaren yi-da-kanka akwai Raptor na kamfanin U-POL da ya samo asali a Ingila, da Herculiner, da Bed Armor na Dupli-Color, da kayan Rust-Oleum.

Batun ya shafi masu mota a Najeriya da Nijar ma. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ita ce jakar aiki a gonaki da wuraren gini da kasuwanni. Tacoma da Tundra da F-150 da ake shigowa da su na hannu daga Amurka kuma, wasunsu da feshin a jikinsu suke zuwa.

Yadda ƙwararru ke yi

A shagon ƙwararru sinadarai biyu ne a ganguna daban. Ɗaya aisosayanet, ɗaya kuma wani ruwa mai kauri da ke haɗuwa da shi su zama roba. Injin yana dafa su zuwa sama da digiri 60 a ma'aunin salshiyos, ya turo su ta tiyo daban-daban da ƙarfin da ya kai kusan psi 2,000 ko fiye. Don a gane girman wannan, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce psi 35 ba. Sinadaran ba sa haɗuwa sai a bakin bindigar, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan da sauka a kan ƙarfe sun daskare.

Wannan saurin daskarewa shi ke ba da damar tara kauri ba tare da abin ya zubo a bango ba. A ƙasan bodin, kaurin yakan kai kusan milimita 3. Shi ya sa yake ɗaukar duka, yake rage ƙarar kaya, kuma yake hana su zamewa. Aikin yakan ɗauki awoyi kaɗan, mai mota ya tafi da motarsa a ranar, sai dai a ce ya jinkirta lodi mai nauyi zuwa washegari. Akwai kuma shagunan da ke amfani da injin da ba ya dafawa kuma ba ya turowa da ƙarfi sosai, wanda ke ba da shimfiɗa mai ɗan laushi.

Injin irin wannan kuɗinsa dubban daloli ne, kuma sai an koyi sarrafa shi. Idan ma'aunin sinadaran biyu ya kauce, shimfiɗar ba za ta daskare daidai ba.

Yadda na gida yake

Kayan yi-da-kanka kala uku ne. Na farko gwangwanin feshi na hannu, wanda ya fi dacewa da gyaran ƙaramin wuri. Na biyu wanda ake shafawa da rola ko burushi, kamar Herculiner, mai ɗauke da ƙananan ɓarɓashin roba da ke ba shi kaushi. Na uku, wanda ya fi kusa da aikin shago, shi ne mai haɗi biyu kamar Raptor: ana zuba sinadarin daskarewa, wanda masu fenti ke kira hadina, a cikin kwalbar, a girgiza sosai, a ɗaura ta a bindiga mai aiki da kwamfiresa. Daga lokacin da aka haɗa, kusan awa ɗaya ake da ita kafin ya fara kauri a cikin kwalbar.

Duka ukun suna kwanciya da sirantaka idan aka kwatanta da na shago, galibi ƙasa da milimita ɗaya ko da an yi shafi biyu. Suna kuma buƙatar haƙuri: sai an jira tsakanin shafi da shafi, sannan a ba shi kwanaki kafin a ɗora kaya masu nauyi. Suna hana karce da tsatsa, suna gyara kamannin mota. Amma idan aka jefa bulo ko aka ja rodi a kai kullum, sirantakar za ta nuna kanta.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Bidiyon daƙiƙa talatin yana nuna feshin ne kawai, alhali mafi yawan aikin yana gabansa. Sai an wanke bodin tas, an cire mai da giris. Sai an bi kowane lungu da sanfefa har ƙyallin fentin ya mutu, domin sinadarin ba ya kama wuri mai santsi. Duk inda tsatsa take sai an kankare ta har a ga farin ƙarfe, a shafa fentin shimfiɗa da ake kira firaima. Sannan a rufe gilasai da fitilu da sauran jikin motar da takarda da salatef, a kare ramukan fitar ruwa da kan kusoshi.

Mafi yawan feshin da ke ɓarewa, na shago ne ko na gida, daga nan matsalarsa take farawa. Wanda ya yi feshi a kan tsatsa ya ɓoye ta ne kawai, za ta ci gaba da ci a ƙasa har shimfiɗar ta kumbura ta ɗago.

Yanayi ma yana da ta cewa. Aisosayanet yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iskar kabon, don haka danshi a kan ƙarfe ko ruwa a cikin tiyon kwamfiresa kan jawo kumfa da ƙananan ramuka. Zafi yana gajarta lokacin da haɗin ke ɗauka kafin ya daskare, wato awa ɗayan nan da aka rubuta don yanayi mai sanyi ba za ta cika ba a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Ƙurar hunturu kuma tana sauka a kan ɗanyen feshi ta maƙale. Aikin yana son inuwa, wuri mai iska amma marar ƙura, da ƙarfe busasshe wanda rana ba ta gasa ba.

Akwai kuma batun koɗewa. Wasu sinadaran ba sa jure hasken rana, bayan wani lokaci baƙin ya koma toka-toka. Wasu an haɗa su ne musamman don jure rana, kuma sun fi tsada. A ƙasar da mota ke wuni a rana, wannan tambaya ce da ya kamata a yi kafin a biya.

Huhu ba shi da safaya

Nan ne maganar ta wuce kuɗi. Aisosayanet yana cikin manyan sinadaran da ke haddasa ciwon asma a wuraren aiki. A 2003 wani ma'aikaci a jihar Mishigan ta Amurka ya rasu sakamakon tashin asma bayan ya yi irin wannan feshi a cikin wata mota. A 2006 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar, NIOSH, ta fitar da gargaɗi na musamman a kan sana'ar, inda ta ba da shawarar yin aikin a keɓaɓɓen ɗaki mai fitar da iska, tare da abin rufe fuska da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo.

Abin tsoron shi ne, da zarar jiki ya fara ƙin sinadarin, ko kaɗan aka shaƙa daga baya zai iya tayar da ciwon. Wani lokaci alamun ba sa bayyana nan take, sai dare ya yi mutum ya ji ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fita da ƙyar. Hanci kuma ba abin dogaro ba ne, domin kafin a ji warinsa ya riga ya wuce ƙima.

Kayan gida masu hadina su ma suna ɗauke da dangin wannan sinadari. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare shi. Wanda ya dage sai ya yi da kansa, rola ta fi bindiga sauƙin haɗari saboda ba ta watsa sinadarin a iska, ko ya nemi irin wanda aka haɗa da ruwa kamar Bed Armor. Dole ne a sa safar hannu da tabarau, a rufe fata, a nisanta yara da dabbobi, a kuma guji wuta ko taba a kusa. Mai asma ko wani ciwon ƙirji bai kamata ya kusanci aikin ba sam.

Lissafin kuɗi

A Amurka aikin shago galibi yana farawa ne daga wajen dala 500, ya ƙaru gwargwadon girman mota da irin sinadarin. Kayan gida kuwa yawanci suna tsakanin dala 100 zuwa 200. Sai dai farashin gwangwani bai haɗa da sanfefa, firaima, tina, salatef, kayan kare numfashi da kwamfiresa ba, balle kwana ɗaya ko biyu na aiki. Idan kuma aikin ya ɓaci, kankare shi ya fi shafa shi wahala nesa ba kusa ba.

Manyan kamfanoni kamar Line-X da Rhino Linings suna ba da garanti mai tsawo a kan ɓarewa da tsagewa. Amma garantin yana aiki ne ta hanyar shagunansu, kuma yawanci ga wanda ya biya kuɗin aikin tun farko. Wanda ya sayi motar ta hannu a wata ƙasa kada ya sa shi a lissafi.

A fara duba motar

Ba kowace a-kori-kura ce ke da bodin ƙarfe ba. Tun daga samfurin 2015, jikin Ford F-150 na alminiyam ne, wanda ke buƙatar firaima ta musamman a duk inda aka kankare fenti. Tacoma kuwa tun daga samfurin 2005 cikin bayanta da wani haɗin roba mai tauri aka yi shi, ba ya tsatsa, don haka feshi a kansa ba don tsatsa ba ne, sai dai don kaushi ko ado. Maganaɗisu ƙarami ya isa ya raba gardama: idan ya kama, ƙarfe ne.

Ga mai Hilux ko wata mota mai bodin ƙarfe da ke ɗaukar takin zamani ko gishiri, kariyar ta fi muhimmanci, domin waɗannan kaya suna saurin cin ƙarfe idan suka samu danshi.

Wanne ya dace da wa?

Motar da ke neman kuɗi kullum, tana dakon siminti da bulo da ƙarafa, ko sabuwar da ake son sayarwa da daraja nan gaba, aikin ƙwararru ya fi mata, idan akwai shi a kusa. Tsohuwar motar da ba ta shan lodi sosai, mai ita yana da lokaci da haƙuri da kayan kariya, kayan gida za su wadatar da ita.

Akwai hanya ta uku da ta fi dacewa da inda babu shago mai babban inji: a sayi kayan mai haɗi biyu na asali, a kai wa gogaggen mai fentin mota da ke da kwamfiresa da wurin feshi. Sai dai a sa ido. Baƙin fentin kwalta da ake fesa wa ƙarƙashin mota ba shi ne wannan ba, yana laushi a zafi kuma ba ya jure gugar kaya.

Kafin a ba da makulli, mai mota ya tambayi sunan sinadarin ya ga gwangwaninsa da idonsa, ya duba ranar lalacewarsa, ya ji yadda za a yi da tsatsa, shafi nawa za a yi, da ko yana jure rana. Ya nemi a nuna masa motar da aka yi wa aikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ba hoton ranar da aka gama ba. Ya kuma ɗauki hoton bodin da wayarsa bayan an gama gugar sanfefa, kafin a fara feshi, domin da zarar baƙin ya rufe, babu sauran hanyar sanin abin da ke ƙasa.