Ku Duba Bayan Firiji Kafin Ku Biya Kuɗi

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyi da yawa suna tara kuɗi su sayi firiji domin ajiye madara, nama da allurar rigakafin kaji. Sau da yawa na hannu ake samu, wanda aka shigo da shi daga ƙasashen waje. Kada kyan fenti ya ruɗe ku.

A bayan firiji, ko a cikinsa, akwai 'yar takarda a manne. Ku nemi abu biyu a kanta. Na fari, ƙarfin wuta. Wutarmu tana bukatar mai lamba 220 zuwa 240. In kun ga 110 ko 120, irin na Amurka ne, zai ƙone. Na biyu, harafin da ke nuna zafin da zai jure. N yana jure digiri 32, ST 38, T kuwa 43. Da bazara zafi yakan wuce 40 a Arewa, saboda haka ku zaɓi mai T.

In kun kai shi gida, ku bar shi tsaye awa huɗu kafin ku kunna, domin man injin ya koma wurinsa. Kada ya jingina da bango. Ku rufe ƙofar a kan takarda, ku ja. In ta zare da sauƙi, robar ta saki, a canja ta. Kada ku kankare ƙanƙara da wuƙa, za ku huda bututun gas.

Yawancin allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Ku ajiye ma'aunin zafi a ciki, ku naɗa mutum ɗaya ya riƙa dubawa safe da yamma.