Isma'ila Mabo: Ɗan Bayan Jos Da Ya Kai 'Yan Matan Najeriya Inda Ba Su Sake Takawa Ba

A majalisar mai shayin da nake zama a Ƙofar Dumi, in aka yi sallar isha'i hira ba ta wuce ta tamaula. Samari na ta musun Arsenal da Real Madrid, kowa da wayarsa a hannu. Sai wani dattijo, tsohon direban Bauchi zuwa Jos, ya ajiye kofinsa a kan benci ya ce, "Yara, cikinku wa ya san Isma'ila Mabo?" Aka yi tsit. Shirun nan ne ya sa ni wannan rubutu.

An haifi Mabo a Jos a 1944, garin da haƙar kuza ta tara Hausawa da Birom da Yarbawa da Ibo da Turawa, ƙwallo kuma ta zama yaren da kowa ke ji. Mu mutanen Bauchi ba baƙi ba ne a labarin, domin har zuwa 1926 Jos a cikin Lardin Bauchi take. Mabo ɗan baya ne, a tsakiya yake tsayawa. Ya yi wa Mighty Jets wasa, ƙungiyar da Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ya kuma sa rigar Green Eagles, sunan babbar ƙungiyar ƙasa a wancan zamani.

A 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, Mighty Jets ce ta fara ɗaukar kofin. Amma abin da dattawa suka fi riƙewa na shekarar shi ne wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale da Bendel Insurance a Legas. An zura wa Jets biyu, 'yan kallo har sun fara haramar tafiya, sai su Sam Garba Okoye suka farke duka biyun a ƙurarren lokaci. Aka sake karawa a Ibadan, Bendel ta ci 3 da 2. A 1974 suka sake kaiwa ƙarshe, Rangers ta Inugu ta hana su. Sau da dama ƙungiyoyin Jos na zuwa bakin kofin nan su dawo hannu rabbana, har mutane suka fara cewa baki aka yi musu. Mu ma da hannunmu a ciki: a 1998 Wikki Tourists tamu ce ta doke Plateau United da bugun fenariti ta kawo kofin Bauchi. Sai a 1999 Jos ta samu nata.

A ganina, a wannan makaranta ta faɗuwa da tashi Mabo ya koyi abin da ya koyar daga baya. Wanda aka ci biyu ya ga an farke a idonsa ba zai yarda wasa ya ƙare ba sai alƙali ya hura usur.

Da ya rataye takalmi ya koma horarwa, sai rabonsa ya kai shi inda ba a zata ba: ƙungiyar mata ta ƙasa, Super Falcons. Kowa ya san kallon da ake yi wa mace mai buga ƙwallo a nan arewa, balle a wancan lokaci. Mabo bai raina aikin ba. A gasar mata ta Afirka ta 1998, da aka yi a Kaduna da Abekuta, 'yan matansa sun zura ƙwallo 28, ba a taɓa ragarsu ko sau ɗaya ba. Aikin ɗan baya ke nan. A 2000 suka sake ɗaukar kofin a Afirka ta Kudu.

Amma ranar Mabo ita ce 1 ga Yulin 1999, a gasar cin kofin duniya a Amurka. A rukuni sun doke Koriya ta Arewa 2 da 1, masu masauki suka lallasa su 7 da 1 a Cikago, duka irin wanda ke karya zuciya. Kwana uku bayan haka suka tashi suka ci Denmark 2 da nema. Sai ga Brazil a zagayen 'yan takwas, a waccan rana ta 1 ga Yuli. Kafin minti na 36 an ɗura musu uku. Mabo bai jira hutun rabin lokaci ba, ya cire gola Ann Chiejine ya sa Judith Chime. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne koci ya taɓa mai tsaron gida ana tsakiyar wasa. Da aka dawo, Prisca Emeafu ta rage ɗaya, Nkiru Okosieme ta ƙara, saura minti biyar Nkechi Egbe ta farke ta ukun. Murna ba ta gama sauka ba aka ba Patience Avre jan kati. Da mutum goma suka shiga ƙarin lokaci, a zamanin dokar da duk wanda ya fara ci ya gama wasa. A minti na 104 Sissi ta Brazil ta lanƙwasa bugun tazara ya faɗa raga. Aka tashi 4 da 3.

Gaskiya ne ƙasashe 16 ne kawai a gasar, hanya ba ta kai ta yanzu tsawo ba. Duk da haka, har yau Falcons ba su sake shiga cikin takwas ɗin ƙarshe na kofin duniya ba. Mabo ya kai su Olamfik ta Sidni a 2000, inda ba su ci wasa ko ɗaya ba, sannan ta Atina a 2004, inda suka sake kaiwa 'yan takwas. Mercy Akide ce ta fara ci kafin Jamus ta juya wasan 2 da 1. Kyaftin ɗinsa ta 1999, Florence Omagbemi, ita ta zama kocin da ta ciyo wa Najeriya kofin Afirka a 2016.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2023, yana da shekara 78. Bayan wata biyar Falcons suka riƙe Ingila ba ci a kofin duniya a Birisben, fenariti ya fitar da su, saura taki ɗaya su taka inda ya taka. Da na karanto wa dattijon nan wannan daga waya, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan Mabo." Samarin suka amsa da amin, ɗaya daga cikinsu ya nemi in maimaita masa sunan.