Me Ya Sa Fitilar Mota Ke Ci Bayan An Kashe Inji?

Fitilar gaban mota ba daga inji take shan wuta kai tsaye ba, daga batir take sha. Muddin inji na aiki, altaneto na mayar wa batir abin da aka ja. Da zarar an murɗe makulli an kashe, sai batir ya rage shi kaɗai. Shi ya sa wannan batu ya shafi direbobin Kura da Bunkure da Kadawa, inda noman rani da ruwan madatsar Tiga ke sa a yi aikin dare, daga lodin kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan har ɗaukar buhunan shanshera.

Abin da fitila ke yi bayan kashe mota ya danganta da yadda kamfani ya tsara wayoyinta. A tsofaffin motoci da yawa, musamman na Japan, makunnin fitila a haɗe yake da batir ba tare da ya bi ta makulli ba. Ko an zare makulli, fitila na nan tana ci sai an kashe ta da hannu. Wasu kan yi ƙara idan an buɗe ƙofa, don tunatar da direba.

Motocin Jamus irin su Golf suna ɗauke manyan fitilu da zarar an kashe inji, su bar ƙananan fitilun fakin. Haka kuma idan aka bar sandar sigina a karkace, fitilun fakin na wannan ɓangaren kaɗai za su kama, gaba da baya. An yi haka ne don motar da aka ajiye a bakin titi da dare, amma masu mota da dama kan ɗauka lalacewa ce.

Sababbin motoci kuwa ƙaramar kwamfuta ce ke kula da fitilunsu. Takan bar su kamar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ko biyu don direba ya ga hanya, sannan ta kashe su da kanta. A wasu, buɗe ƙofar direba ko danna makullin rimot ne ke kashe su. Akwai kuma fitilun rana masu kamawa da zarar inji ya tashi. Tarayyar Turai ta wajabta su ga sababbin samfuran ƙananan motoci tun 2011, don haka ana ganinsu a motoci 'yan Kwatano. Waɗannan fitilun sukan mutu tare da inji.

Lissafin ɓarnar mai sauƙi ne. Kwan fitila na halojin yana cin wat 55, biyu 110 ke nan. Idan aka haɗa da fitilun baya, ana jan kusan amfiya 11 daga batir mai bolt 12. Batirin ƙaramar mota bai cika wuce amfiya-awa 45 zuwa 70 ba, saboda haka sa'o'i kaɗan sun isa a murɗa makulli a ji ƙyas-ƙyas kawai. Tsufan batir, da sanyin asubar hunturu, sun fi saurin kai shi ƙasa. Wanda ya haska gona da fitila ana lodi, gara ya bar inji na aiki. Motar giyar hannu a tura ta ta tashi, amma otomatik sai an nemo wani batir, abu mai wuya a kan hanyar bakin kanal.

Alamar matsala ita ce fitila ta wuce 'yan mintuna tana ci alhali makunni a kashe yake kuma an kulle ƙofofi. Galibi rile ne ya liƙe, ko makunni ya lalace, ko ƙura da laima sun shiga akwatin fis. Wani sanadin shi ne ƙarin fitilu da aka ɗaure a batir kai tsaye ba tare da sun bi ta makunni ko makulli ba. Kafin a kai ga mai wayarin, ana iya zare fis ko rilen fitila, ko a kwance kan batir mai alamar ragi, don wutar ta kai safe.