Maɓallin SAT a motarka: me ya sa ba ya kamawa a Kano, kuma ko ya dace ka kashe masa kuɗi?

Kwanakin baya wani maƙwabcinmu a Tudun Wada ya sayi mota ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, masu sayar da motoci su ce maka Beljiyam ce. A jikin rediyonta, kusa da AM da FM, akwai maɓalli na uku da aka rubuta SAT. Idan ya danna sai allon ya yi ta nuna yana neman sigina, shiru kake ji. Wani mai gyaran wutar mota ya ce masa eriyar ce ta lalace, idan ya kawo kuɗi za a sa masa sabuwa ya riƙa kama tashoshin duniya har cikin daji. Da ya zo mini da maganar na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Idan kai ma kana da irin wannan maɓalli, ko an taɓa yi maka tallan "rediyon satilayit" na mota, ga abin da ya kamata ka sani kafin ka zaro ko sisi.

Me ya sa FM take yankewa a hanya?

Sai ka fahimci ciwon kafin ka gane maganin da ake tallatawa. Igiyar FM, wadda take tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, kusan a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, ita kuwa duniya a ƙulle take kamar ƙwallo. Saboda haka duk tsawon turken gidan rediyo, akwai inda ƙasa za ta lanƙwashe ta raba ka da shi. Lissafin yana da sauƙi: turke mai tsawon mita 100 yana hango abin da bai wuce kilomita 40 da 'yan kai ba. Ƙarfin na'urar watsawa da tudun da aka kafa turken suna ƙara tazarar, amma ba su hana ta ƙarewa. Shi ya sa za ka bar Kano kana jin Freedom Radio a 99.5 tangaran, amma da ka nausa hanyar Zariya sai murya ta fara shashasha, can kuma ta ɗauke gaba ɗaya, wataƙila ana tsaka da labarin da ka fi son ji.

Dabarar rediyon tauraron ɗan'adam ita ce a ɗaga turken sama sosai, har ya zama babu abin da zai tare shi. Ana ajiye tauraron a nisan kilomita 35,786 daidai saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan nisa yana zagaya duniya sau ɗaya a yini guda, daidai da juyawar ita duniyar, don haka ga wanda yake ƙasa kamar a tsaye yake wuri ɗaya. Gidan rediyo ya harba shirinsa sama, tauraron ya ƙara masa ƙarfi ya watso shi a kan nahiya guda. Zuwa da dawowar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa ba.

Za ka ce, to ai DStv ma haka take, me ya sa ita sai da kwando? Bambancin yana cikin zangon igiyar da kuma nauyin abin da ake aikowa. Talabijin na satilayit yana aiki a wajen gigahaz 11 zuwa 12, siginarsa tana isowa da rauni, dole sai an tattara ta da kwandon da ya fuskanci tauraron ba ya motsi, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana iya katse ta, kamar yadda kowa ya sani da damina. Rediyon mota na satilayit kuwa yana wajen gigahaz 2.3, ruwan sama bai cika damunsa ba, taurarinsa masu ƙarfin gaske ne, sannan murya ba ta kai hoto nauyi ba. Shi ya sa 'yar ƙaramar eriya a rufin mota, mai kama da ƙayar bayan kifi, take wadatarwa ko da motar tana gudu tana kwana.

Tauraron yana bayan duniya

Maɓallin SAT, ko XM, ko SIRIUS da kake gani a motocin Amurka na kamfanin SiriusXM ne. Asali kamfanoni biyu ne: XM ya fara aiki a 2001, Sirius ya biyo baya a 2002, suka haɗe a 2008. Yau yana da masu biyan kuɗin wata sama da miliyan 30, kuma kasuwarsa Amurka ce da Kanada.

Ga inda gizo yake saƙar. Taurarin kamfanin suna zaune a wajen digiri 85 da digiri 115 yamma, wato saman yankin nahiyar Amurka. Kano kuwa tana wajen digiri 8 da rabi gabas. Tsakaninmu da mafi kusa daga cikinsu akwai sama da digiri 93. Shi kuma tauraro irin wannan, ko a kan layin tsakiyar duniya kake, ba ka iya hango shi idan tazarar ta haura kusan digiri 81. Ma'ana, daga Tudun Wada tauraron yana ƙarƙashin inda sama ta haɗu da ƙasa, kamar rana bayan magariba. Doron duniya ne da kansa ya shiga tsakaninku. Ko da a ce ana hango shi, an saita haskensa ne ya sauka a kan Arewacin Amurka kaɗai.

To ka ga ba maganar eriya ba ce. Ko ta zinare aka ɗaura maka, ko ka biya kuɗin shekara da katin dala, babu abin da za ta kama, don babu siginar a samanmu. Duk wanda ya ce zai "buɗe" maka maɓallin nan, ko dai bai san yadda abin yake aiki ba, ko kuma ya san aljihunka yake nema.

Akwai kuma wani ɓangare da masu talla ba sa faɗa. Ko a Amurka tauraro shi kaɗai ba ya wadatarwa. Gada, dogon gini, ko bishiyoyi masu duhu suna tare siginar. Don haka kamfanin yana aiko shiri ɗaya ta tauraro biyu, ɗaya yana gaban ɗaya da kusan daƙiƙa huɗu, domin idan ka shiga ƙarƙashin gada rediyon ya cike giɓin da abin da ya riga ya ajiye. A cikin manyan birane kuma an kakkafa ɗaruruwan turaku a ƙasa masu maimaita siginar. Ashe ba akwati ne kawai da za ka saya ka ɗaura ba, tsari ne da aka shimfiɗa wa ƙasa guda.

Afirka ta taɓa samun nata

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Afirka ta riga Amurka jin rediyon satilayit. A 1990 wani lauya haifaffen Habasha, Noah Samara, ya kafa kamfanin WorldSpace. Burinsa ya kai ilimi da labarai, musamman faɗakarwa kan cutar ƙanjamau, ga ƙauyukan da turken FM bai kai ba. A watan Oktoban 1998 aka harba tauraronsa AfriStar, aka ajiye shi a digiri 21 gabas. Daga Kano kusan a saman kai yake. Shirye-shirye suka fara a 1999, kamfanoni irin su Hitachi, Panasonic, Sanyo da JVC suka ƙera akwatunan, ana kama tashoshi irin su BBC da RFI tangaran ba shashasha.

Fasahar ta yi aiki, kasuwar ce ta ƙi. Akwatunan farko sun yi wa talaka tsada nesa ba kusa ba, alhali da kuɗi kaɗan zai sayi 'yar rediyo mai batir ya ji Sashen Hausa na BBC, wanda yake watsa shiri tun 1957, a gajeren zango kyauta. Daga baya kuma aka sa kuɗin wata a kan tashoshi da dama. Eriyar tana buƙatar ta fuskanci sama ba tare da wani abu ya tare ta ba, kuma ba a shimfiɗa turakun maimaita sigina a biranenmu ba, don haka a mota ba ta zama abin dogaro ba. A daidai wannan lokaci ne gidajen FM masu zaman kansu suka fara yawaita, a Kano Freedom ta buɗe a 2003, wayar salula kuma ta shigo hannun kowa. A watan Oktoban 2008 WorldSpace ya bayyana karyewar arziki, a ƙarshen 2009 ya rufe harkarsa a Indiya, inda ya fi samun masu biya. Darasin a fili yake: a ƙasar da mutane suka saba jin rediyo kyauta cikin harshensu, da wuya su biya kuɗin wata don kawai murya ta fi fita tas.

To mene ne mafita ga mai doguwar tafiya?

Tambayi kanka abin da kake nema a zahiri. Idan so kake kada shiri ya yanke maka tsakanin Kano da Abuja, wayarka ta riga ta yi maka rabin aikin. Gidajen rediyo da yawa suna watsa shirinsu ta intanet, kuma murya ba ta cin data yadda ake zato. Tashar da take watsawa a kilobit 64 cikin daƙiƙa tana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya, tafiyar awa shida ba ta kai megabait 200 ba. Ka haɗa wayar da rediyon motar ta Bluetooth ko igiyar AUX. Idan motar tsohuwa ce ba ta da ko ɗaya, akwai 'yar na'urar da ake sokawa a wurin kunna sigari, ta karɓi sauti daga waya ta watsa shi a FM cikin motar. Raunin wannan hanya shi ne inda babu sabis, babu shiri.

Maganin wannan kuma shi ne ka sauke abinka tun kana gida: karatun Alƙur'ani, tafsiri, labarai, ko waƙoƙin da kake so, ka zuba a memori ko filashi. Wannan ba ya buƙatar turke ko tauraro. Idan kuma labaran duniya kake bi kana yawan shiga inda babu sabis, kada ka raina rediyon gajeren zango. Igiyarta tana dukan wani rufin iska mai caji da ke can sama ta dawo ƙasa, shi ya sa take ƙetare dubban kilomitoci, fasahar da kakanninmu suka dogara da ita tun kafin a harba tauraro ko ɗaya don rediyo. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, intanet yake sayarwa, kuma sayen kayansa da biyan kuɗin wata don jin rediyo kawai ɓarnar kuɗi ce.

Idan har za ka kashe kuɗi a kan rediyon motar, ga wuraren da suka cancanta. Rediyon motar Amurka yana tsallake-tsallake ne a lambobin mara kaɗai, 93.1, 93.3, 93.5, don haka tashar da lambarta ta ƙare da cika ba za ta zauna daidai ba. A matsakaicin zango kuma yana taku da kilohaz 10, mu kuwa a Afirka da 9 ake takawa, shi ya sa wasu tashoshin AM suke fita a shaƙe. Wasu rediyoyin suna da wurin sauya yanki a cikin saitinsu, duba littafin motar. Tsofaffin rediyoyin da aka ƙera don kasuwar Japan kuwa daga 76 suke farawa su tsaya a 90, za su kama Dala FM a 88.5 amma ba za su taɓa kai wa Arewa Radio a 93.1 ba. Idan za ka sayi na hannu a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, sa a kunna maka shi ka ga lambar ta haura har 108 kafin ka biya.

Abu na ƙarshe: kada ka bari a cire maka 'yar eriyar rufin don an ce ba ta da amfani. A motoci da yawa a cikinta eriyar GPS take, wani lokaci har da ta AM da FM, kuma ramin da za ta bari ƙofar yoyo ce idan damina ta kankama.

Maƙwabcin nawa dai ƙarshe 'yar na'urar Bluetooth ya saya, ya zuba tafsirin da yake bi a waya, kuɗin eriyar kuma ya sa mai da su. Maɓallin SAT yana nan a jikin rediyon, yara suna danna shi idan sun shiga motar. Allah ya tsare mana hanya.