Ƙyallen Tela Ba Shara Ba Ne

A Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, faci bai taɓa zama abin kunya ba. Ai a Sudan ɗin nan mabiya Mahadi suka sa jibba mai faci don nuna gudun duniya.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba gidajen Jazira da yawa da kayan shimfiɗarsu. Ranar Asabar iyayenmu mata kan zauna a inuwa, su harhaɗa ƙyallayen tela, su ninka, su bi da allura har mayafin sanyi ya fito.

Ya ku magidanta, ku bar 'ya'yanku su zauna kusa da su. Allah Ya sa albarka.